Yadda Ake Kafa Zaman Mako a Unguwa Don Rage Kaɗaici a Lokacin Matsi

Tun da na ba da labarin ɗan zaman da muke yi kowace Alhamis bayan isha'i a ƙofar gidan wani dattijo a unguwarmu, nan cikin Maraɗi, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini: ta ina kuka fara, nawa kuke kashewa, kuma me ya hana abin ya watse? Ga amsar daki-daki, yadda muka bi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Abu guda nake so a riƙe tun farko. A garin nan ba rashin mutane ke kawo kaɗaici ba, kunya ce. Da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu cin abinci a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da yawa suka zauna, ni ma ina cikinsu. Mutumin da ya saba shiga gidan suna da ɗan abin hannu sai ya ga ba zai iya zuwa hannu rabbana ba. Ya ƙi zuwa sau ɗaya, sau biyu, daga nan kunyar rashin zuwan ma ta hana shi fita. An buɗe iyaka daga baya, amma wasu har yau ba su fito daga ɗaki ba. Saboda haka duk matakan nan an gina su ne a kan sharaɗi ɗaya: wanda ba shi da ko dala a aljihu ya iya zuwa ya zauna kansa a ɗage.

1. Duba wanda ya ɓace

Kafin ka kira kowa, ɗauki mako 2 kana lura. Wa ya daina zuwa sahun asuba alhali lafiyarsa ƙalau? Wane mai tebur ne ya kwashe kayansa ba a sake ganinsa ba? Wace ƙofa ce ba a share gabanta kwana biyu? Ka sa uwargida ko ƙanwarka ta lura da ɓangaren mata, domin su suka san wadda ta daina zuwa biki.

Waɗanda aka fi mantawa su ne: matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya, Aljeriya ko wajen haƙar zinariya a Jado, ya bar ta da yara da wayar da ba ta ƙara, mai takaba bayan an tashi zaman makoki, lokacin da gida ya yi tsit alhali sauranta wata 4 cur, tsohon da 'ya'yansa duk suna Yamai ko Kano, waɗanda ambaliyar daminar 2024 ta rushe wa gida suka koma haya a unguwar da ba su san kowa ba, 'yan'uwanmu da suka tsero daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019, da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya zo daga nesa ya kama ɗaki shi kaɗai.

*Hattara:* ka riƙe sunayen a ka, kada ka rubuta. Ranar da wani ya ji an sa shi cikin jerin "masu ban tausayi", ka rasa shi ke nan.

2. Nemi mutum biyu, sannan manya

Kada ka fara kai kaɗai, za ka gaji. Nemi mutum 2 masu riƙe sirri waɗanda ba su da yawan tafiye-tafiye. Mai nutsuwa ya fi mai baki amfani a nan. Ku uku ku je ku gaida limamin masallacinku da mai unguwa, ku faɗa musu a taƙaice: "Malam, zama muke so mu riƙa yi sau ɗaya a mako, gaisuwa da ɗan karatu da shayi. Mun zo neman albarka." Wannan ya isa ya rufe bakin masu cewa ƙungiyar siyasa kuka kafa.

*Hattara:* ban da suna, ban da shugaba, ban da sakatare. Mu da muka fara da zaɓen shugaba, mako na uku aka yi fushi a kan wa ya kamata a naɗa, mutum biyu suka janye. Sai da muka soke muƙamin kafin suka dawo.

3. Wuri, lokaci da kaya

Ku zaɓi wurin da ba na mai kuɗin unguwa ba. In aka zauna a gidan Alhaji, mai ƙaramin ƙarfi zai ji kamar maula ya zo. Ƙofar gidan tsoho ko mara lafiyar da ba ya iya fita ita ce ta fi, don kun kai masa hira har gida ba tare da ya roƙa ba. Ya kasance wurin da ake isa da ƙafa, ba sai an hau kabu-kabu ba.

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kada su canja. Ga maza, bayan isha'i. Ga mata, bayan la'asar a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, a tashi kafin a shiga girkin dare. Kuma a sanar da mazajensu tun farko don kada fitar ta zama abin rigima. Adadi kuwa tsakanin 6 zuwa 10. In kun wuce haka, masu surutu za su cinye zaman, mai shiru ya koma gida yadda ya zo. Gara a raba gida biyu.

Kayan aiki: tabarma 2, butar shayi, ƙananan kofuna, murhun gawayi, butar alwala, da fitila ko tocila saboda ɗaukewar wuta. Duk aro za ku yi daga gidajenku, kada a sayi komai. Abin da ake kashewa kowane mako ganyen shayi ne da sukari da gawayi. Mu muna ajiye gwangwani a bayan ƙyaure, mai hali ya jefa dala ashirin, wato sefa 100, ba mai kallon hannun wani. In mutum 5 cikin 8 suka jefa, an samu sefa 500, a yi shayi gwargwadon abin da ta saya. Makon da gwangwani ya tashi wayam, mun sha ruwan randa mun yi hirarmu. Mata sukan yi da kunu ko soyayyar gyaɗa, ita ma ba dole ba.

*Hattara:* kada ku yarda a fara karɓa-karɓar dafa abinci. Ranar da aka ce wannan makon gidan wane ne zai ciyar, wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba zai ƙirƙiro ciwon kai ya ƙi zuwa.

4. Gayyata

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi kuskure. Mutumin da ya kulle kansa ba ya amsa gayyatar tausayi. In ka ce masa "mun ga kana cikin damuwa, zo mu ɗebe maka kewa", zai yi murmushi ya ce "lafiya lau nake", ya ƙara jan ƙofa. Ka je masa da buƙata, kai ne mai nema, shi ne mai bayarwa.

Akwai wani maƙwabcina, tsohon direba, wanda ya sayar da motarsa ya biya bashi, daga nan ya daina fitowa. Na same shi da hantsi a zaure, rediyo a gefensa a kashe, carbi a hannu ba ya ja. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, taimako na zo nema. Mun fara ɗan zama a ƙofar gidan Baba, amma duk cikinmu babu wanda ya iya shayi. Jiya har Baba ya ce ruwan wanke buta muka ba shi." Ya ɗan yi dariya, ya ce, "Ai ku sukari kuke zubawa tun wuta ba ta kama ba." Na ce, "To ka gani. Alhamis zan biyo maka." Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ranar Alhamis na tsaya a ƙofarsa na yi sallama, na jira. Ya daɗe, sannan ya fito da butarsa a hannu, tsohuwa mai baƙin gindi wadda ya yi shekaru yana yawo da ita a mota. Yau shi ke fara isa ya hura gawayi.

Kowa yana da abin da za a roƙa a wurinsa. Ɗalibi ya karanta mana hadisi, tsoho ya ba da tarihin yadda aka taso daga tsohon gari a bakin Gulbi bayan ambaliyar 1945, mai takaba a roƙe ta ta bari a zauna a tsakar gidanta tunda ita ba ta fita, baƙuwa daga Zamfara ta nuna yadda suke nasu girkin.

Tsarin shi ne: ka je da ƙafarka, ba saƙon waya ba. Ka faɗi rana da lokaci. Ka biya masa ku tafi tare sau 3 na farko, saboda shiga taro shi kaɗai shi ne abin da yake tsoro. In ya ƙi, ka gode masa, ka dawo bayan mako 2 da gaisuwa kawai, ba tare da ka tada maganar ba.

*Hattara:* ranar da ya zo, kada wani ya ce "yau kuma ina ka shiga?" ko "ashe kana garin?" Ku ja kunnen juna tun kafin ya iso. A matsa masa wuri a tabarma, a miƙa masa kofi, shi ke nan.

5. Yadda zaman kansa ke tafiya

Shayin nan da ake dafawa a sha sau uku shi ne agogonmu, duka bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Kafin na farko ya nuna, a buɗe da addu'a, sannan mutum ɗaya ya karanta aya 'yan kaɗan ko hadisi guda da fassararsa. Minti 10 ya isa. Ku zaɓi abin da kowa ya yarda da shi: haƙƙin maƙwabci, gaida mara lafiya, haƙuri, Suratu Yusuf, Alam Nashraha. Ba wa'azi aka zo ba, akwai wurarensa a gari.

A kan kofi na farko, mai ɗaci, a yi zagaye. Kowa a tambaye shi shi kaɗai, "Malam wane, yaya makon?" Wanda ya ce "alhamdu lillahi" ya yi shiru, a bar shi. Watan farko kusan kowa haka zai ce. Sai a hankali, yawanci bayan wani babba ya fara faɗin tasa damuwar, bakin sauran ke buɗewa. Don haka kai da ka kira zaman, ka fara. Ni ranar da na ce kuɗin haya ya hana ni barci, mutum uku suka sauke ajiyar zuciya lokaci guda.

A kan na biyu, hira ce sakaka: kokawa, farashin tiyar hatsi, ruwan sama, labarin da. Kada ku raina wannan ɓangare. Wani dariyar nan kaɗai ta kawo shi.

A kan na uku, mai zaƙi, a raba ziyarar mako, a ambaci marasa lafiya da matafiya da mamata, a yi musu addu'a da sunayensu, a tashi. Ku tashi tun ana marmari.

*Hattara:* abu uku ke kashe irin wannan zama. Na farko gardamar aƙida. Unguwa ɗaya akwai ɗan Izala, akwai ɗan ɗariƙa, wani wurin ma da maƙwabci Kirista, kuma kaɗaici bai tambayi kowa masallacinsa ba. Ku yi alkawari tun ranar farko cewa ƙabalu da sadalu da maulidi a bar su a gida. Na biyu siyasa. Na uku fitar da magana: abin da aka faɗa a tabarma ya tsaya a tabarma, ko matarka kada ta ji. Wayoyi kuma a kife su, in ba haka ba za ku zama fadar da kowa ya sunkuya yana kallon tafin hannunsa.

6. Ziyarar tsakiyar mako

Zaman awa ɗaya ba ya cike kwana 7. Zumunci a ƙafa yake. Kowane mutum a ba shi gida ɗaya da zai leƙa kafin Alhamis ta zagayo, a riƙa juyawa don kada nauyin ya zauna kan mutum guda. Wanda bai zo zama ba, gobe da safe wani ya biya ya gaishe shi, gaisuwa kawai, ba tuhuma ba.

Ziyarar ta zama gajera, minti 15 zuwa 20. Ba sai da tsaraba ba. In akwai, ɗan goro ko kwanon tuwo ya wadatar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri in ya dafa miya ya yawaita ruwanta ya tuna da maƙwabta. In ka zauna, ka saurara fiye da yadda kake magana. Mu Hausawa muna da saurin cewa "sai haƙuri", har kalmar ta zama murfin da muke rufe bakin mutum da shi kafin ya gama. Bar shi ya kai aya, ko da zai maimaita labarin da ka ji sau biyar. Haƙurin ka ba shi a ƙarshe.

*Hattara:* namiji ba ya ziyartar matar da mijinta ba ya gari ko mai takaba. Wannan aikin mata ne. In akwai abin gyara a gidan, katanga ko rufi, a je mutum biyu da rana, da sanin dangin mijin.

7. Asusu, amma sai daga baya

Kuɗi su zo ƙarshe, bayan aƙalla wata 2 ana zama. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda a jihar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin ajiya da bashi na Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma iyayenmu mata sun san adashe tun kafin nan. Bambancin kawai, namu ba na bashi ba ne, na gaggawa ne: magani, kuɗin kai mai naƙuda asibiti, tiyar hatsi ga gidan da ya kwana bai ci ba.

Dala goma, sefa 50, a mako ga mai iko. Mutum 8 in duk sun zuba, mako 10 ya ba da jikka 4, wato sefa 4,000. Ba yawa, amma ta sayi maganin zazzaɓin yaro cikin dare. Akwati a hannun mutum ɗaya, makulli a hannun wani, a ƙirga a gaban kowa ƙarshen wata. Mutum 2 kawai ke yanke wanda za a ba, kuma ba a faɗin sunansa a zama.

*Hattara:* kada a ba da rance don jari. Wanda ya ci bashin akwati ya kasa biya, kunya za ta mayar da shi ɗakin da kuka fito da shi. Kuma wanda bai taɓa zubawa ba yana da haƙƙi daidai da kowa.

8. Abin da mutum zai riƙe in ya koma ɗaki

Dare na mai shi ne. Bayan an naɗe tabarma kowa zai koma ya kwanta da tunaninsa, don haka ku taimaki juna kowa ya samu ɗan abin riƙo wanda ba ya yankewa. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ga abin da muka ɗora wa kanmu: salla ɗaya aƙalla a jam'i kowace rana, kuma asuba ta fi, domin wanda ya fito asuba ya riga ya ga fuskoki kafin rana ta fito; shafi guda na Alƙur'ani, ko sauraronsa ga wanda bai iya karatu ba; azkar na safe da yamma; da addu'ar nan da Annabi ya yawaita ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan". Ku haɗa mutane biyu-biyu, wanda ya riga tashi ya ƙwanƙwasa wa ɗan'uwansa ƙofa. Ni tsohon direban nan ne ke tada ni yanzu.

*Hattara:* kada ka taɓa ce wa mai baƙin ciki imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Wanda aka gaya wa irin wannan magana ba ya ƙara ibada, ɓoye ciwonsa kawai yake ƙarawa.

9. Inda shayi da hira ba su isa ba

Akwai damuwar da ta zama ciwo. In mutum ya wuce mako 2 ba ya barci, ba ya cin abinci, ya bar wanka da sana'a, ko yana ta cewa gara ya mutu ya huta, ko mai jego ta daina kula da jaririnta, ko matashi ya koma ga tiramol, to a kai shi ga likita. Ku fara da asibitin unguwa, su za su tura ku babban asibiti in da buƙata. Mutum biyu su raka shi, a ɗauki kuɗin kabu-kabu daga akwati. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

*Hattara:* wanda ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa, kada a bar shi shi kaɗai a daren. A sanar da na kusa da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona, fiya-fiya, da igiya daga ɗakinsa, da safe a wuce asibiti. Wannan shi ne wuri ɗaya tak da dokar riƙe sirri ba ta aiki.

10. Lokacin da zama ya yi sanyi

Zai yi. Wajen wata na uku ɗoki ke ƙarewa. Da damina masu gona za su ɓace, da kaka masu ci-rani su kama hanya, watan azumi kuma tarawihi da tafsiri su cinye dare. Da azumi ku mayar da shi buɗa-baki sau ɗaya a mako, kowa da abin da ya samu, ko dabino 3 ne. Da damina ku koma zaure. Wanda ya tafi ci-rani a kira shi a kan kofi na uku, a buɗe murya kowa ya gaishe shi, minti 2 ya isa, kuɗin kiran daga gwangwani. Iyalinsa kuma su shiga jerin ziyarar mata.

Ranar da ka iso ka tarar ku biyu ne kawai, kada ku ɗaga zuwa mako mai zuwa. Ku shimfiɗa tabarma ɗaya, ku hura gawayi, ku yi karatun, ku sha shayin har na uku, sannan gobe da safe ku raba gidajen waɗanda ba su zo ba ku bi su da gaisuwa.